Kafin a Murza Totur Daga Kurudu Zuwa Yamai

Tun ranar 29 ga Mayun 2022 da Kunle Adeyanju ya iso bakin iyakar Seme a kan babur, kwana arba'in bayan barinsa Landan, wani buri ya shiga ran samarin ƙasar nan. Mutumin ya ratsa Faransa da Sifen, ya ƙetara Maroko, ya keta hamada ta Muritaniya, ya biyo Senegal da Mali da ƙasashen bakin teku har gida, duk domin tara gudunmawar yaƙi da cutar shan inna. Mu nan Kurudu burin samarinmu bai kai can ba. Abin da nake ji a teburin mai shayi da rumfar bakanike shi ne mutum ya samu hutun mako guda, ya cika tanki, ya tafi Yamai, ya ci kilishi, ya ɗauki hoto a gadar Kennedy, ya dawo ya ba da labari.

Dattawan unguwa da suka ji zancen hukuncinsu guda ne: ganganci ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Samarin kuwa a ganinsu tafiyar ba ta buƙatar komai sai mai da ƙarfin zuciya. Ni tun ina saurayi nake hawan babur, har yau kuma da shi nake kai yara makaranta, da shi nake sauka Jikwoyi cefane, don haka ina da bakin magana. Ina tare da samarin a kan cewa a tafi. Inda muka raba gari shi ne yadda za a tafi, da garin da za a nufa.

Yaron da aka haifa a Kurudu, ya tashi tsakanin Karu da Orozo da Karshi, duniyarsa ba ta wuce cunkoson Nyanya ba. Ya san Dubai a waya, bai san Maraɗi ba, alhali Maraɗi da Katsina uwa ɗaya uba ɗaya ne. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa ta, shi ya sa har gobe sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa. Layin da ya raba mu da su Ingila da Faransa ne suka zana shi a yarjejeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1898 da 1906. Matashin da ya tsallaka wannan layi da kansa, ya ji Hausar Damagaram da kunnensa, ya ga yadda wasu ke tafiyar da kasuwa da titi da makaranta, zai dawo da wayewar da aji ba ya bayarwa. Tafiya mabuɗin ilimi ce. Talaka kuma ba shi da kuɗin jirgi, ba shi da jif. Babur ne abin da hannunsa ya kai.

Sai dai kakanninmu da suka yi suna da fatauci ba haka kawai suke saɓa jaka su kama hanya ba. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro yakan daɗe yana shiri. Akwai madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai jagaba, mai wucewa gaba ya gano lafiyar hanya da inda za a yada zango. Akwai uban dawaki, mai daidaitawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da gaisuwa. In an isa kuma akwai fatoma, mai masauki, wanda ke tsaya wa baƙo in magana ta taso. Jakuna da takarkarai sun wuce, amma ayyukan nan suna nan daram, kuma duk mai niyyar ƙetare iyaka a kan babur sai ya cika su, ko shi kaɗai ko da abokan tafiya.

A fara da aikin uban dawaki, wato takardu, don nan samarinmu suka fi rauni. Kwanakin baya a rumfar wani bakanike da ke bakin titin Karshi, wani yaro mai ladabi, ɗan acaɓa, ya yi ta lissafa mini garuruwan da zai ratsa. Ya ce, "Kawu, ai ba a neman biza, ƙasar 'yan'uwa ce." Na ce, "Gaskiyarka, ɗana. Kawo takardun mashin ɗin mu gani." Ya kwance murfin gefe, ya zaro wata baƙar leda a naɗe da roba. Rasit ne guda a ciki, ruwan sama ya taɓa shi har tawadar ta baje, sunan da ke jiki kuma na wanda ya sayar wa ubangidansa ne. Bayan babur ɗin babu lamba, sai ɗan allon da aka rubuta wa addu'a. Lasisin tuƙi bai taɓa yi ba. Balas yake kaiwa duk mako, mashin ɗin ma ba nasa ba ne. A Kurudu wannan ba abin mamaki ba ne, haka da yawa ke neman abincinsu. A bakin iyaka kuwa, babur irin wannan a idon jami'in kwastan ɗayan biyu ne: ko na sata, ko na fasa-ƙwauri.

Gaskiya ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 babu biza. Amma al'amura sun juya. Sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, aka garƙame iyaka, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. ECOWAS ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku su shiga su fita kamar da, amma abin da jami'in da ke Birnin Ƙonni ko Ɗan Isa zai karɓa daga hannunka dokar ƙasarsa ce ke faɗa masa. A farkon 2025 jaridu sun ruwaito an mayar da wasu 'yan Najeriya da suka je da takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS kaɗai. Cikakken fasfo shi ne abin riƙo. Nijar tana da ofishin jakadanci a nan Abuja da ƙaramin ofishi a Kano. A je can a yi tambaya kafin ranar tashi, ya fi a dogara da zancen direban tasha. Matambayi ba ya ɓata.

Bayan fasfo sai katin allurar rigakafin shawara. Sau ɗaya ake yin allurar a rayuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haka tun 2016, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta. Wanda ya yi allura ran Laraba ya tashi ran Asabar, da hannunsa ya buɗe wa masu neman na goro ƙofa. Sai lasisin tuƙi na ajin A, wanda shi ne na babur, a haɗa da lasisin ƙasa da ƙasa, saboda jandarman da bai karanta Ingilishi ba yana ganin bayaninsa da Faransanci a ciki. Sai rajistar babur da lambarsa, da takardar mallaka mai sunan mahayin. A durƙusa a goge lambar inji da ta jikin babur da tsumma, a gwada su harafi bayan harafi da abin da ke rubuce, domin shi ma jandarma haka zai yi. In mashin na wani ne, a karɓo rubutaccen izini daga mai shi da hatimin kotu.

Inshora ma samari na raina ta. Tun 1982 ƙasashen yankin suka kafa tsarin katin inshora na bai ɗaya da ake kira Brown Card, domin in baƙo ya yi haɗari a wata ƙasa a samu mai biyan wanda aka ji wa rauni. A farkon 2023 hukumar inshora ta ƙasa ta sa kuɗin inshorar dole ta babur Naira 3,000 a shekara, abin da bai kai cikon tanki ba. A yi ta a kamfani na gaske, a sa su rubuta ƙasashen da take aiki a cikinsu. Takarda ta ƙarshe a bakin iyaka ake karɓa daga 'yan duwan, wato kwastan na can: lesefase, izinin shigar da abin hawa na ɗan lokaci, mai ɗauke da ranar ƙarewar wa'adi. Ita ce shaidar cewa yawo ka zo, ba sayar da babur ba. In ta ɓata ko wa'adi ya wuce, ana iya riƙe mashin har sai ka fanshe shi.

Aikin jagaba ya fi wannan nauyi, saboda babur ya zama abin tuhuma daga Abuja har Tillaberi. Tun daga ƙofar gida ake farawa. Ranar 1 ga Oktoban 2006, zamanin da Nasir El-Rufa'i ke ministan Abuja, aka hana acaɓa a cikin birni, aka bar mu da ke Kurudu da Jikwoyi da Karu. Amma mai zuwa arewa ta Kaduna sai ya ratsa AYA ya bi babbar hanyar Kubwa zuwa Zuba, kuma mai Boxer da jaka ɗaure a baya sai ya yi da gaske kafin ya gamsar da jami'i cewa shi matafiyi ne. Baburan da ake kamawa a birni an sha nuna su a talabijin ana murƙushe su. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A Mayun 2019 rundunar soja ta hana hawan babur a dazuzzukan jihohi bakwai, daga Kano har Neja. A Satumban 2021 Kaduna ta hana shi gaba ɗaya na wata uku, Katsina da Zamfara suka taƙaita hawan dare da sayar da mai a jarka. Bayan fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022, gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana babura a faɗin ƙasa. Dokokin nan ana ɗagewa ana mayarwa, don haka sai an bi jiha bayan jiha an tambaya a makon tafiyar.

Ba na cewa masu kafa dokokin nan ba su da hujja. Wanda ya ga yadda 'yan bindiga ke faɗa wa ƙauye uku-uku a kan mashin, ko ya binne ɗan'uwansa dalilin haka, ba zai ga laifin sojan da ya tsare mahayin da bai sani ba. Abin da nake cewa shi ne matafiyi ya san irin idon da ake kallonsa da shi, ya zaɓi hanyarsa da wannan sani.

Daga Kurudu zuwa Yamai ta Zariya da Funtuwa da Gusau da Sakkwato da Illela ya haura kilomita 1,100, kuma kowa ya san labarin 'yan bindiga tsakanin Funtuwa da Tsafe. Ta Kano da Katsina da Jibiya da Maraɗi ya haura 1,300, ita ma Jibiya ba ta rasa nata labarin. Ko ta ina aka biyo, ƙarshenta hanya ɗaya ce, wadda ta ratsa Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma kafin a shiga Yamai sai an keta jihar Tillaberi, wadda ta yi wa birnin zobe. A jihar ce aka hana hawan babur dare da rana tun farkon 2020, aka ɗage a 2021, aka sake mayarwa a wasu sassa cikin 'yan makonni. A kan wannan hanya, kimanin kilomita 60 kafin Yamai, garin Kure yake, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa. Ranar 9 ga Agustan 2020 wasu mahara a kan babura suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida masu aikin agaji da 'yan Nijar biyu. Baƙo a kan mashin mai lambar Najeriya, ba Faransanci ba Zabarmanci, yana bi ta wannan yanki, ya sa kansa tsakanin wuta biyu: masu bindiga a daji, da jami'an da ba su da dalilin yarda da shi.

Hukuncina a kan Yamai ke nan: a wannan marra ba a zuwa a kan babur. Wanda ransa ya kafe a kanta ya ajiye mashin a gida, ko ya bar shi wurin amintacce a Maraɗi ko Ƙonni, ya shiga manyan motocin Rimbo ko STM kamar kowa. Babbar Kasuwa da Katako da gidan tarihi na Boubou Hama duk ana zaga su da tasi. Hoton gadar da ake buri kuwa a nemi izini tukuna, domin ɗaga waya a gaban gada ko bariki ko shingen soja ya isa ya kwanar da baƙo a ofishin 'yan sanda.

Mai son tafiyar babur ta gaske, wadda za a yi cikin mako guda a dawo, ina ba shi zaɓi biyu. Na farko Damagaram. Daga Kurudu kimanin kilomita 700 ne: a kwana Zariya ko Kano, washegari a bi Kazaure da Daura, a ƙetara ta Kwangwalam, a ratsa Matamaye a shiga gari da sauran rana. Babban birni ne mai tarihi, shi ne hedikwatar Nijar a ƙarƙashin Faransawa har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Akwai fadar Sarkin Damagaram a Birni, akwai gidajen ƙasa masu zane a unguwar Zango, akwai kasuwar Dole. Hausa ce harshen gari, ba za ka nemi tafinta don sayen fura ba. Kwana biyu zuwa, biyu zama, biyu dawowa, a bar kwana guda a aljihu saboda faci ko ruwan sama.

Na biyu Kwatano, ga mai son ganin teku da birnin da babur ne sarkinsa. Hanyar ta haura kilomita 800: Gwagwalada, Abaji, gadar Jamata, Lakwaja, Okene, Akure, Ibadan. Daga nan shawarata a kauce wa Legas. Dokarta ta 2012 ta hana ƙananan babura hawa ɗaruruwan manyan tituna, aka ƙara tsanantawa a 2020 da 2022. A bi Abeokuta da Ilaro zuwa Idiroko, a ƙetara Igolo, a ratsa Porto-Novo, Kwatano na gaba kaɗan. A can 'yan acaɓa, waɗanda ake kira zemijan, kowa da rigarsa rawaya da lamba a baya, wasu manyan tituna na da layin babura daban, hular kwano kuma ba a wasa da ita. Ga kasuwar Dantokpa, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, ga unguwar Zongo inda Hausawa suka daɗe da kafuwa, ga Wida a yamma, tashar da aka riƙa loda bayi zuwa nahiyar Amurka. Wannan tafiya kwana uku ce zuwa, uku dawowa. A guji ƙarshen damina, domin a Oktoban 2022 ambaliya ta yanke hanyar a Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Sai aikin madugu. Kada mutum ya tafi shi kaɗai, kada kuma a yi gayya. Babura biyu zuwa huɗu sun isa. Goma a jere a hanyar Daura za su sa mata su kwashi yara su shige gida, kafin ku isa shinge labarinku ya riga ku. Kowane mashin mutum ɗaya, babu goyo. A naɗa mutum guda wanda in ya ce an tsaya an tsaya. A tashi bayan asuba, a sauka kafin magariba, dare na masu masauki ne. Boxer da Jincheng an yi su ne don zirga-zirgar gari, in aka matse su wuni guda a kan totur ɗaya inji zai gaji, mahayi ma ya gaji, kuma gajiyayyen mahayi shi ke shiga ƙarƙashin tirela. Kilomita 300 a yini, a huta duk bayan awa biyu, ya wadatar. Wanda zai kai Kano a rana ɗaya daga Kurudu ya san ya wuce wannan ma'auni, kwanan Zariya ya fi masa, ko da yake washegari zuwa Damagaram ma sai an wuce shi.

Mako guda kafin tashi a kai mashin wurin bakanike, a zauna a gabansa ana aikin. A yi juyen baƙin mai, a sa sabuwar sarƙa da haƙoranta in sun cinye, a duba birki gaba da baya, a canza tayar da ta goge, a gyara fitila da madubi, wanda 'yan acaɓanmu ke cirewa don ƙawa. A ɗauki fulogi, da wayar kuloci, da tib, da kayan faci, da ɗan famfo, da sifana. Bayan gyaran a hau shi kwana biyu ko uku a gari, don in akwai ƙusar da ba a ɗaure ba ta nuna kanta a Karu, kada ta bari sai dajin da babu kowa. Jarkar mai kuwa a bar ta gida. A shingen bincike na arewa jarka a bayan babur tuhuma ce, ko ta kai wa 'yan bindiga ko ta fasa-ƙwauri. Tun da kwastan ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, matafiya suka koyi cika tanki tun da nisa. A cika a Kazaure, a rage dogaro da 'yan bumburutu.

Hular kwano ba ta buƙatar dogon wa'azi, amma sai an faɗa. Da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta a farkon 2009, wasu sun kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka, duniya ta yi mana dariya. Mai doguwar tafiya ya sayi ta gaske mai rufe haɓa da gilashi, ya sa takalmi sau ciki da safar hannu da riga mai kauri. Lokaci ma a zaɓa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hanya a bushe take, sai dai sanyin asuba da hazo. Daga Maris zuwa Mayu zafin Damagaram na haura digiri 40, lokacin sanƙarau ne kuma. Ranakun jajibirin Sallah, da samari suka fi so, su ne ranakun da direbobin haya suka fi gudu.

Lissafin kuɗi shi ma na madugu ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, tafiyar da a da ake yi da canjin aljihu ta koma abin tanadi. A yi canjin sefa a Zone 4 ta Wuse ko Wapa ta Kano, inda za a iya zaga farashi, a raba kuɗin gida biyu ko uku a jiki. A Nijar da dala ake ƙirga: sefa biyar dala ɗaya, sefa 100 dala ashirin, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 jaka guda. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi ciniki da Hausa kuma a cuce shi da Hausa. In kuɗi ya yanke, ana aikowa ta Nita ko Amana. A sayi layin waya na can da zarar an ƙetara. Ɗan acaɓa kuma ya sa a lissafi abin da ya fi mantawa: mako guda babu aiki, balas na jiransa, gida na jiran cefane. Wanda ya bar iyali babu hatsi ya tafi yawon buɗe ido, ba ni tare da shi. Haka wanda ya fita ba da yardar iyaye ba.

Fatoma shi ne cikamakin shiri. Kurudu da Mararraba cike suke da mutanen Nijar, masu shayi da masu gadi da 'yan ga-ruwa da masu sayar da kilishi, kuma da wuya a rasa wanda ke da ɗan'uwa a Damagaram ko Maraɗi. Haka 'yan kasuwar da ke sayo motoci da atamfa sun san Zongon Kwatano gida-gida. A nemi suna da unguwa, a yi magana da mutumin kafin a tashi. In jandarma ya ce wurin wa za ka, ka samu amsa. In zazzaɓi ya kama ka, ka samu mai kai ka asibiti. Mashin kuma ya samu gidan da zai kwana a ciki, domin ɓarawon babur bai san baƙo ba. A riƙe masa ɗan tsaraba, kamar yadda aka saba.

Ga hukumomi kuma ina da kira. Masu manyan babura daga Turai suna ratsa ƙasashenmu da takardu a jere, a buga musu hatimi a yi hoto da su, ɗan ƙasa kuwa bai ma san takardun da ake nema ba sai ya isa shinge. Me zai hana hukumar shige da fice da kwastan su liƙa jerin takardun da kuɗin kowace a allo, da Hausa da Faransanci da Ingilishi, a Illela da Jibiya da Kwangwalam da Maigatari da Idiroko? Abin da aka rubuta a fili yana rage ciniki a ɓoye. Me zai hana a kawo rajistar babura da lasisin ajin A kusa, a Karu ko Karshi, a farashin da ɗan acaɓa zai iya? Babur mai lamba da sunan mai shi ya fi sauƙin ganewa ga jami'in tsaro fiye da dubun da ba su da ita, don haka ribar ta kowa ce. Ana kashe maƙudan kuɗi a layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, don a haɗa mutanen ƙasashen biyu. Allon sanarwa a bakin iyaka bai kai kuɗin mita ɗaya na wannan layi ba. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa ma, da suke yankar tikiti kullum, su taimaka wa 'ya'yansu su mallaki lasisi da inshora.

Samarin Kurudu, ku je ku ga duniya, amma ku fara da ofishin fasfo da na rajista kafin gidan mai. Ku bar Yamai sai hanya ta yi lafiya, ku nufi Damagaram ko Kwatano, da rana, da hula a ka, da mai masauki yana jiranku. Wanda takardunsa ba su cika ba ya ɗage tafiyar zuwa baɗi, garuruwan nan ba gudu za su yi ba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.